Ƙeyar Bubakar

Sunana Garzali, amma in ka shiga tashar Gazawa ka ce Garzali mai fenti, an fi saurin nuna maka rumfata. Na yi shekara ashirin da wani abu ina zana mutane kafin in daina. Na zana tela riƙe da almakashi, na zana mahauci, na zana uwa tana shayar da jariri a bangon gidan likita, 'yan kokawa kuwa da na zana a bayan manyan motocin kamyo ban san iyakarsu ba. Wata damina na kwanta ciwon haƙarƙari har dangi suka fara taruwa a kaina. A kwancen nan ne maganar da malamai suka daɗe suna gaya mini ta dawo mini, cewa duk wanda ya zana mai rai, ranar ƙiyama za a ce ya hura masa rai. Na tuna abin da hannuna ya yi, na ga ai gari guda ne ke jirana. Da Allah ya tashi kafaɗuna sai na yi masa alkawarin na bari, na koma rubutu kawai: sunan shago, lambar salula, in ya yi yawa in ƙara buhun gero ko injin niƙa a gefe.

Shekara huɗu ina haka, ran nan da hantsi ina rubuta allon wani mai gyaran babur sai amalanken jaki ya tsaya a bakin rumfata. Wata dattijuwa ta sauko a hankali, tana laluben ƙasa da ƙafa kafin ta taka. Ta rungumo wani faffaɗan abu naɗe cikin zane.

"Kai ne Garzali?"

"Ni ne, Inna. Sannu da hanya, ga tabarma."

Ta zauna, ta sha ruwa, muka gaisa. Ta ce sunanta Zulai, daga Gangara take, ƙuli-ƙuli take sayarwa a kasuwar can. Sannan ta kwance zanen, ta jingina abin da gwiwarta.

Allona ne. Shekara tara da suka wuce na yi wa Mudi mai aski na kasuwar Gangara shi. Kawuna shida ne a jere, kowanne da irin askinsa. Rana ta cinye shuɗin bayan, jan rubutun ya koma ruwan ƙasa, katakon ya fara tsagewa ta ƙasa. Biyar daga cikin kawunan ta gefe na zana su, dukkansu kuma fuska ɗaya gare su, wadda nake ɗora wa kowa a allon aski, don mai aski gashi yake sayarwa, ba wanda ke duban hanci. Na shidan ta baya na zana shi, saboda Mudi yana son a ga yadda yake yanka layin ƙeya.

Ta ɗora yatsa kan na shidan ba tare da ta duba ba.

"Ka san wannan?"

Na tuna ranar, ko da yake ba sosai ba. Wani saurayi mai amalanke ya zo aski, Mudi ya gama masa ya ce, tsaya, wannan ƙeyar ta yi kyau, ita za a sa. Saurayin ya zauna kan bido, jarkar ruwa, ya ba ni baya. Abokansa na tsokanarsa, yana ta dariya har kafaɗunsa na rawa, ni kuma ina ce masa ya tsaya cik. Kunnensa na hagu yana da ɗan gutsure a sama, na zana shi yadda yake, don hannuna abin da ya gani yake bi. Da na gama ya tashi ya kakkaɓe wuya ya ja jakinsa.

"Bubakar ne," in ji ta. "Ɗana."

Ta ba ni labarin a taƙaice, da murya irin ta wadda ta sha faɗarsa. Shekara ɗaya bayan allon ya sayar da jakin ya bi samari zuwa haƙar zinariya a Jado, can arewa cikin hamada. Rami ya rufta da su, su huɗu. Can aka rufe shi. Abokin tafiyarsa ne ya dawo mata da bargonsa da takalminsa. Katinsa mai hoto da salularsa suna aljihunsa, tare aka binne su. Bai taɓa ɗaukar wani hoto ba. Tun daga nan ta ɗauke farantinta daga layin masu hatsi ta dawo daura da rumfar Mudi, inda in ta ɗaga kai za ta ga allon. Shekara bakwai kowace kasuwa tana nan. Yanzu Mudi ya yo sabon talla na leda daga Maraɗi, wanda na'ura ke bugawa, ya cire tsohon ya ba ta.

Na yi mata ta'aziyya. Na ɗauka so take in sabunta fentin.

"A'a," ta ce. "So nake ka juyo mini da shi."

Ban gane ba da farko.

"Ya ba ni baya shekara bakwai. Ka juyo da shi in ga fuskarshi. Yanar ido ce ta kama ni, na dama ya tahi, na hagu ma saura kaɗan. An ce in je Maraɗi a kankare, ni kuwa tsoro nake ji. Kahin ya ƙarasa rufewa nake so."

Na gaya mata gaskiya biyu. Ta farko, na bar zanen mutane, na kuma faɗa mata dalili. Ta biyu, ni ban ga fuskar ɗanta ba.

"Ka gan shi mana. Bubakar ba ya wuce babba bai gaishe shi ba."

"Ya gaishe ni, Inna. Ni ne ban dube shi ba."

Sai ta ce, "Zancen zunubi kuwa, in an tambaye ka, ka ce ni na sa ka."

"Ba a karɓar wannan a can, Inna."

Ba ta yi gardama ba, ba ta kuma tashi ba. Na ci gaba da aikina, ita tana zaune da allon a cinya. Na tafi sallar azahar na dawo na same ta yadda na bar ta. Na sayo mata fura, ta sha kaɗan ta ajiye. Mai amalanken da ya kawo ta ya gama sayayyarsa ya dawo ya tsaya yana jira. Sai da ta fara naɗe allon sannan ta ce, ba ma ni take kallo ba:

"Da can in na rufe ido ina ganinshi. Yana cin tuwo, yana dariya, duk ina gani. Yanzu in na kira shi a raina, ƙeyar nan kawai ke zuwa. Na yi ta kallon allonka har ya cinye mini fuskar. Ni na haife shi, Malam Garzali, amma ban iya tuna yadda bakinshi yake."

Na ajiye buroshin. Ban taɓa tunanin abin da na zana cikin rabin awa, ina sauri in kama babur ɗin komawa gida, zai iya yi wa mutum irin wannan ɓarna ba. Na ce mata zan zo Gangara ranar kasuwa, amma ban yi alkawarin komai ba.

Ranar kasuwa na hau kabu-kabu da gawayi a aljihu da takardun buhun siminti a naɗe. Na fara da Mudi. Ya ce Bubakar dogon hanci gare shi, kamar na Fulani. Ɗantala, wanda ya dawo da bargon, yana zaune a rumfar, ya ce ina, hancinsa faffaɗa ne, har tsokanarsa suke yi da shi. Suka kama musu. Wani ya ce baƙi ne wuluk, wani ya ce wankan tarwaɗa. Abu ɗaya kawai suka haɗu a kansa, wushirya. Kowa kuma da na tambaya, sai ya bar zancen fuska ya koma ba ni labari: yadda yake yi wa jakinsa waƙa, yadda ya taɓa ɗauko wata mai naƙuda daga ƙauye cikin ruwan sama. Na cika takarda uku da fuskoki, na kai gidan Inna Zulai da la'asar.

Ta kai kowace takarda dab da idonta na hagu, har hancinta na taɓa gawayin. Ta daɗe a kan kowacce. Ta miƙo mini su duka.

"Babu shi a nan."

'Yarta Farida, ƙanwar Bubakar, ta zo daga gidan mijinta tana tankaɗe a gefe. Ita ce ta ce, "Baba, ai wahala kake sha a banza. Yaya Bubakar da Inna kamar an tsaga kara. Kowa ya sani. Ita za ka duba."

Inna Zulai ta yi dariya, karon farko da na ji dariyarta. "Wannan tsohuwar fuskar? Me ya rage a cikinta?"

Kasuwa ta gaba ba ta fita da ƙuli ba. Ta zauna kan turmi a inuwar dalbejiyar tsakar gida, ta tura ɗankwalinta baya kaɗan, ni kuma na zauna gabanta da katako a gwiwa, Farida na kai da kawo. Kunya ta kama ni da farko. A garinmu namiji ba ya ƙura wa dattijuwa ido haka. Ita ce ta ce, "Duba abinka, ɗana, ni ba ganinka nake sosai ba."

A shekara ashirin na zana mutane sun fi dubu, amma ranar ce na fara zama in dubi fuskar mutum tun daga hantsi har rana ta karkata. Aikin da ke gabana shi ne in cire mata shekara arba'in, in kuma mai da ita namiji. Don in yi haka dole in nemo ƙashin da ke ƙarƙashin fata, tun da shi ne ba ya canzawa. Ban sha wuyar samunsa ba. Kumatun sun faɗa, fatar goshi ta yi siriri, ramin ido ya zurma, ana ganin inda muƙamuƙi ya haɗu da kunne yana motsi in ta haɗiyi miyau. Na ga ƙoƙon kan gaba ɗaya, yana nan dab da fitowa, kamar dutse a gulbin da ruwansa ke janyewa. Sai na dakata da zanen. Abin da ƙasa za ta rage ke nan, nata da nawa da na Farida da ke can tana yi wa tunkiya tsawa. Na ɗanta kuwa tuni yana can arewa cikin yashi, shi kaɗai ya rage, ba wushiryar da za a gane da murmushi.

"Ka tsaya," in ji ta. "Ban ji ƙarar gawayin ba."

"Ina dubawa ne, Inna."

"Ka ga mutuwa ko?" Ta faɗa kamar mai tambayar ko an sa gishiri a miya. "Ni ma in na shafa ina jin ta. Ci gaba."

Na ci gaba. Na cika kumatun, na ɗaga fatar ido, na share layukan da suka sauko daga hanci zuwa baki. Tana zaune tana ba ni labarinsa, ba don in zana ba, don dai bakinta ya saba. Ta ce gutsuren kunnen nan ɗan akuya ne ya cije shi yana rarrafe. Ta ce ranar da zai tafi ba ta raka shi tasha ba, tana fushi da shi saboda sayar da jakin, daga bakin ƙofa ta tsaya har ya sha kwana.

Na koma Gazawa da zanen gawayin. Kwana shida na yi ina sa masa fenti a sabon katako, na ture duk wani aiki. Fentin ƙofa ne da na mota nake da shi, ba a yi shi don fatar mutum ba, sai da na yi ta haɗa ja da baƙi da rawaya ina tsinka su da isansi, wato fetur, kafin in sami launin da ya yi kusa. Na sa masa askin da Mudi ya yi masa, na sa wushiryar, na gutsure kunnen. Maƙwabcina mai walda ya leƙo ya ce, "A'a, Garzali, an koma ruwa ke nan?" Na ci gaba da aikina. Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba, na kuma san haka tun kafin ya bushe.

Na kai mata ranar kasuwa ta uku. Farida ba ta nan, ɗanta ba lafiya. Inna Zulai ta fito da shi rana, ta kai shi dab da ido, ta bi shi daga goshi zuwa haɓa, ta sake komawa sama. Ta shafa shi da tafin hannu. Ina tsaye kamar yaron lakol da ke jiran sakamakon jarrabawa.

"Allah ya saka maka da alheri," ta ce. "Ka wahala. Wannan yaro ne mai kyau, da ganinshi ɗan mutunci ne." Ta miƙo mini shi da hannu biyu. "Amma ba nawa ba ne."

"Ina ne bai yi ba, Inna? A gyara."

"Ban sani ba. Da na san inda bai yi ba, ai da na tuna shi ke nan."

Na ce ta riƙe shi duk da haka. Ta girgiza kai. Ta ce tsoro take ji kada ta yi ta kallon wannan ma, ya zo ya kore ɗan abin da ya rage mata. Ta ƙulla mini ƙuli a leda, ta raka ni har zaure tana bin bango.

A kan babur ɗin komawa raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Na karya alkawarin da na yi wa Ubangijina, kuma ban samo wa matar nan komai ba. Na isa rumfa na jingina katakon a bayan gwangwanayen fenti, fuskarsa na duban bango. Na yi niyyar shafe shi da farin fenti in yi rubutu a kai, kullum sai in ce gobe.

Bayan an gama girbin wake Mudi ya kira ni a salula ya ce Inna Zulai ta rasu. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Na je gaisuwa ranar uku. Bayan an shafa fatiha Farida ta aiko a kira ni zaure, ta fito da tsohon allon askin. Ta ce watanni biyun ƙarshe idon ya rufe gaba ɗaya, amma allon na gefen shimfiɗarta. Na duba kai na shida. Wurin kunnen hagu babu fenti ko kaɗan, katako ne zalla, ya yi santsi yana sheƙi saboda shafa.

Ta tambaye ni ko ina so. Na ce a'a, na gidan ne. Daga baya na ji wani kawunsu ya toshe tagar ɗakin awaki da shi lokacin sanyi. Ban ga laifinsa ba, katako ne mai kauri.

Bayan sadakar arba'in Farida ta shigo Gazawa kai ɗanta allura, ta biyo ta rumfata ta yi mini godiyar zuwa gaisuwa. Har ta miƙe sai ta ce, "Baba, wai ina wanda ka zana? Ni ban taɓa ganinshi ba."

Na jawo shi daga bayan gwangwanaye, na goge ƙura da gefen rigata, na juyo mata da shi.

Ta yi baya kamar an ture ta. Ta dafe baki, ta zauna a benci ba ta san ta zauna ba, goyon da ke bayanta ya farka ya fara kuka.

"Wannan ai Inna ce," ta ce. "Wallahi Inna ce. Haka take lokacin da muke yara, in ta dawo daga rijiya ta sauke tulu. Ka cire askin nan kawai. Baba, ina ka san ta a lokacin?"

Ban san ta ba. Shekarun da na cire ne kawai, abin da ya rage kuma nata ne. Na sake duban katakon, na ga gaskiyar Farida. Na yi mako uku ina neman saurayin da ban taɓa gani ba, ashe matar da ke zaune gabana nake zanawa, ita kuma ta duba ba ta gane kanta ba, don ba kanta take nema ba.

Farida ta yi kuka mai isarta. Na ba ta ruwa ta wanke fuska. Na ce ta tafi da shi, nata ne. Ta ce sai ta tambayi maigidanta, Malam Inusa. Mako na gaba ta dawo ta ce ya ƙi. Ba da faɗa ba, ya dai ce ba ya son hoton mai rai a ɗakin da ake salla, ta yi wa mahaifiyarta addu'a ya fi mata amfani. Na ce gaskiya ya faɗa. Ta ce ta sani.

"In bar shi nan wurinka? In na shigo gari in riƙa gani."

"Bar shi, 'yata."

Ta tambaya ko zan iya ɗaura mata ɗankwali a kai in rufe askin. Na ɗauko buroshi har na buɗe gwangwani, sai ta riƙe hannun rigata ta ce a'a, in bari, kunnen na Yaya ne, kada ɗankwalin ya rufe shi.

Ta zo sau huɗu a cikin wancan ranin. Ba ta daɗewa. Takan zauna a benci in juyo mata da shi, in koma bakin aikina in ba ta wuri, in ta gama ta ce, "Baba, na tahi," in mai da shi. Zuwanta na ƙarshe tana da tsohon ciki, ta ce Malam Inusa ya sami gona wajen danginsa a Gidan Sori, can za su koma kafin shuka. Ta ce in ta sami mai zuwa za ta aiko a gaishe ni.

Damina biyu ke nan ban ji ɗuriyarta ba. Gara ta fara taɓa katakon ta kusurwar ƙasa, na shafa masa baƙin mai na ɗora shi kan bulo biyu. Matata ta tambaye ni ran nan, in ta Allah ta kasance a kaina, me za a yi da shi. Na ce mata a nemi Farida a Gidan Sori, matar Malam Inusa. In ba a same ta ba, su yi yadda suka ga dama.